Sunan da Ta Ƙi Faɗa

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Konni, kuma da na tsaya a kan alli da allo, da yanzu ina cin tuwona da daɗi. Amma ban tsaya ba. Na fara wani shiri na murya da nake ɗauka da wayata, in gyara, in sa a intanet, daga nan ya bi waya zuwa waya har ya kai garuruwan da ban taɓa takawa ba. Masu boko suna ce masa fodkas, mutanen gari kuwa labarin Madan suke cewa. Abin da nake bi shi ne kisan da aka yi aka manta, da mutanen da suka fita ba su dawo ba. Na ɗauka taimako nake yi. Har yau ban ce ba taimako ba ne, amma babu wanda ya gaya mini abin da zai cinye mini.

Abin da ya fara cinyewa shi ne hira. In na shiga gidan suna, mata suna tsakiyar shewa, sai a yi tsit kamar an ɗauke wuta. Wata ta taɓa tambayata a gaban kowa ko wayata a kashe take, ni da na zo da atamfa da sabulu irin na kowa. Wasu kuma ba sa gudu na, neman ni suke. Ina cikin zaɓen tumatir a kasuwa sai a ja mini gefen mayafi, a fara ba ni labarin ƙanen miji da aka tsinta a rijiya. Ba mai tambayata lafiyar yara kuma. Gawa kawai ake kawo mini.

Sai kuma kunnena. In na taso daga lakwal na ci abinci, sai in toshe kunnuwa in zauna da kukan wata mata ina mayar da shi baya, saboda akuya ta yi kuka a tsakiyar maganarta kuma dole in cire akuyar. A karo na uku ina hawaye. A na goma ina jin haushin akuya. A na ashirin haushin matar nake ji, da ba ta jira akuya ta gama ba. Ranar da na gane na lalace, 'yata ce ta faɗi ta kurje gwiwa, ta shigo tana kuka, abin da ya fara zo mini a rai shi ne kukan ya fito sarai, babu hayaniya a bayansa. Na ɗauke ta ina jin kunyar kaina.

Ina cikin wannan hali wani ɗan kabu-kabu, magidanci mai furfura a gemu, ya tare ni a bakin lakwal. Ya ce abokinsa ne aka kashe shekara biyu da suka wuce. Mamacin yana sayen albasa a wajen Galmi, ya ɗora a babur ya kai kasuwannin ƙauye. An tsince shi bayan la'asar a gefen hanyar ƙauyensu, can gaba da Tajaye, babu babur, albasa a warwatse cikin rairayi. Jandarma sun zo sun yi tambayoyinsu, ba a samu kowa ba. Abokin, wato ɗan kabu-kabun, ya tura mini saƙon murya na ƙarshe da mamacin ya aiko masa a ranar. Ba wani abu a ciki: taya ta yi faci, zai makara, kada a jira shi. Can ƙarshe iska ta cika saƙon, yana wata magana ta gida wadda ba ta shafi kisan ba. Na yanke ƙarshen, na ajiye farkon don shiri.

Ranar da ba lakwal na shiga mota ta Tsarnawa, na sauka kusa da Tajaye, abokin ya ƙarasa da ni a babur. Ya tsaya a ƙofar gida, ni na yi sallama na shiga. Mata biyu na tarar. Ɗaya goggon mamacin ce, ƙanwar ubansa, wadda ta riƙe shi tun da aka yaye shi. Ko gama gaisuwa ba mu yi ba ta fara kuka, ta ba ni labarinsa tun daga kaciyarsa har zuwa rigar da ya mutu a ciki. Ɗayar tana zaune a gindin itacen bedi tana tsintar wake a faifai, siririya, ba ta ɗago ba sai da na je na durƙusa. Ita ce uwarsa.

Ni kuwa uwa nake so. Na riga na san abin da masu saurare ke jira, kukan goggo ba ya kai kukan uwa a kunnensu. Na matsa kusa na ajiye wayar a kan tabarma.

"Inna, wane irin yaro ne?"

"Awa kowa."

"Randa abin yaf faru, ina kike?"

"Ina nan."

"Mi kinka ji?"

"Na ji an ce."

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na jira, don na koyi cewa in ka yi shiru mutum yakan cike shirun da kansa. Wannan ba ta cike komai ba, ni ce ma na gaji.

"Inna, ki hwaɗi sunanai, don masu saurare su san ko wane ne."

"Goggonai na nan," in ji ta. "Ita tar riƙe shi."

Ba zan yi ƙarya in ce ban san dalili ba. Ɗanta ne na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ke nan. Ni kaina 'yar fari ce. Kakata ta riƙe ni, tsohuwata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji kawunnaina suna kiranta, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sai dai ta ce "ke" ko "wagga". Na sani sarai. Abin da na ɗauka shi ne mutuwa tana ɗage wannan, balle mutuwa irin wannan. Na ce a raina, mutum an kashe shi an yar a hanya, wace kunya kuma ta rage?

Sau uku na yi wannan tafiya. Sau uku ina shan rana da rairayi, ina sauka daga babur ƙuguna kamar ba nawa ba, in durƙusa a gaban matar nan, ta ba ni ruwa, ta ba ni fura, ta tambaye ni mutanen Konni da yara da maigida, ta hana ni abu ɗaya da na zo nema. Na bi ta ta gaba, na bi ta ta baya. Na ce ko abincin da ya fi so ta gaya mini, ta ce abin da aka dafa shi yake ci. Na ce ko ta yi mafarkinsa, ta ce ita barcinta nauyi gare shi. A zuwa na uku har na ce mata, in ba ta yi magana ba wanda ya kashe shi ya sha ke nan. Ta dube ni ido cikin ido, karo na farko, ta ce Allah yana gani, ta tashi ta kori kaji daga bakin rumbu. Na fito gidan ina huci. Abokin ya tambaye ni ko an dace, na ce ya tada babur kawai.

Da haushin nan na zauna gyaran shirin. Na sa kukan goggo, na sa saƙon faci, na sa bayanin abokin da na wanda ya fara ganin gawar. Na sa amsoshin uwar yadda suke, busassu, na bar shirun da ke tsakaninsu da tsawonsa, alhali na saba rage shiru. Sannan na ƙara magana ɗaya da muryata. Na ce, "Na tambayi mahaifiyarsa sunansa sau uku, ba ta faɗa ba." Ban ƙara bayani ba. Gaskiya ce, ko kalma ɗaya ba ƙarya a ciki, kuma na san abin da nake yi. Rama wahalar hanya nake yi a kan tsohuwa.

Shirin ya bazu fiye da duk wanda na taɓa yi. Kwana biyu wayata ba ta huta ba. Samarin da ke ci-rani a Abijan da Legas da Agadas, waɗanda ke saurare suna jiran ciniki, kowa ya zama jandarma. Wani ya aiko mini saƙo mai tsawon huɗubar Juma'a yana bayanin cewa uwar da ba ta yi kuka ba ta san wani abu. Wata daga Yamai ta ce ta saurara sau biyar, kuma ta ji tsoro a numfashin tsohuwar. Numfashi fa. Matar tana da tari ne tun damina. Wani kuma, ɗan ƙauyen ne da ke aiki a waje, ya tuna cewa mamacin ya taɓa rigimar iyakar gona da kawunsa, ƙanen uwar. Shi ke nan an haɗa labari: kawu ya kashe, uwa ta rufa wa ɗan'uwanta asiri. Duk waɗannan mutane Hausawa ne, rabinsu 'yan fari ne, uwayensu ba su taɓa kiran sunansu ba. Amma da aka sa abin a waya da kiɗa mai ban tsoro a bayansa, sai kowa ya manta gidan da ya fito.

Na yi ta jin haushinsu, kuma jin haushinsu ya fi mini sauƙi a kan in dubi wadda ta sa kiɗan.

Bayan mako biyu abokin ya sake tare ni a bakin lakwal, wannan karo ko kashe babur bai yi ba.

"Madan, kin san abin da kinka haɗa?"

Ya ce maganar ta isa ƙauye ta wayoyin samari. Dattawan mata sun ce ai kunya ce, kowa ya sani. Sai matasa suka ce kunya kunya ce, amma Madan mai ilimi ba za ta faɗi magana a banza ba, tabbas ta ga wani abu. Yanzu in tsohuwar ta je rijiya sai a yi tsit. An yi suna a maƙwabta, ita da ake kira ta fara wankan jariri a unguwar, ba a aika mata ba. Kawun kuwa ya daina zuwa masallacin unguwa, yana tafiya na bayan gari. Na tsaya da jakar littattafai a hannu, na ga cewa ciwon da nake kuka da shi, na mutane su yi shiru in na shigo, shi na ɗauka na kai wa matar da ba ta yi mini komai ba.

Ranar Juma'a na je gaida tsohuwata. Ba ta da waya kuma ba ta sauraren shirina, ta ce ba ta ga abin daɗi a jin mutuwar mutane ba. Amma matan unguwa sun kunna mata. Ko amsa gaisuwata ba ta gama ba.

"Ke, wagga. Wa yat taɓa jin sunanki ga bakina?"

"Ba kowa, Yaya."

"Shi ne kinka tahi gidan mutane kina tonon bakin dattijuwa?"

"Yaya, ba hwa tahiya yay yi ba. Kashe shi anka yi."

"To da yam mutu sai yab bar zama ɗanta na hwari?"

Sai na yi abin da na saba in an ƙure ni, na ɗaga murya. Na ce wannan al'ada ta ishe ni, na ce mutum ya yi shekara arba'in bai san ko uwarsa tana sonsa ba, na ce ni 'yata ta fari ina kiran sunanta sau ɗari a rana kuma sama ba ta faɗo ba. Ta bar ni na gama. Tana ta murza zaren da take gyara bakin zane da shi.

"In kinka riga ni," in ji ta, ba ta dube ni ba, "kar wata ta zo man da waya."

Na koma gida ina fushi da ita, da tsohuwar ƙauye, da masu saurare, da akuyoyin duniya. Na yi shirin gyara. Na bayyana kunyar ɗan fari kamar ina koya wa 'yan aji ɗaya, na ce laifina ne, na ce babu wata shaida a kan uwar ko kawun, na roƙi a bar su. Shirin bai kai ko'ina ba. Mutanen da suka tura na farko ga duk wanda suka sani, wannan ba su ga abin turawa a ciki ba. Kaɗan da suka saurara, wani cikinsu ya rubuto mini wai an tsorata ni ne, kada in ji tsoro, suna bayana. Na kusa jefa wayar a randa.

Ba abin da ya rage sai in koma da ƙafata. Na tafi karo na huɗu, wayar a cikin jaka, a kashe. Goggon ce ta tare ni, kuma ba ta rage mini komai ba. Ta ce ta ba ni hawayenta na je na yi talla da su, ta ce an karɓe ni kamar 'ya na saka da abin da na saka. Na durƙusa na sha, don na cancanta. Da ta gaji na matsa gindin bedi. Uwar tana nan inda na saba ganinta, wannan karo gero take sheƙa, ta ƙara ramewa.

"Inna, na yi miki laihi. Ki gahwarta man."

"Ba komi, ɗiyata. Kin sha ruwa?"

Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Na so ta ce wani abu da zan riƙe, ko fushi ne, amma ko wannan ba ta ba ni ba. Na ji tsohon haushin nan yana taso mini, na danne shi da ƙyar. Na ɗan zauna, na yi sallama, na ɗauki jakata.

Na kusa ƙofa sai ta biyo ni da kwanon wake, wai in kai wa yara. Tana juye mini a gefen mayafi, idonta a kan waken, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"An ce cikin abin ga naki akwai muryoyin mutane."

"Akwai, Inna."

"Har na waɗanda ba su nan."

Sai a lokacin na gane. Ko'ina an ji muryar ɗanta, daga Konni har bakin teku, an yi ta mayar da ita baya ana neman alamar kisa a ciki, ita kaɗai ba ta ji ba. Ba ta da waya, kuma ba za ta iya buɗe baki ta ce wa wani saurayin ƙauye ya kunna mata muryar ɗanta na fari ba. Ni kuwa sau uku na zo gidan da muryar a cikin jakata, ina ta neman abin da zan karɓa, ban taɓa tunanin ina ɗauke da abin da zan ba ta ba.

Na buɗe baki zan ce, "Inna, kina so ki ji shi?" Allah ya taimake ni na rufe. Da na tambaya da ta ce a'a, kuma da na fita gidan da amsar. Na juya na koma tsakar gida, na ce wa goggon akwai wani saƙo da nake so ta saurara ta gaya mini ko muryarsa ce, don ban tabbata ba. Ta harare ni, ta san na tabbata, amma ta zauna. Na kunna wayar na ɗora a kan turmin da ke kife. Ban ɗauko wanda na gyara ba, na ɗauko na asali, da iskarsa da komai. Uwar ta koma gindin bedi ta ba mu baya, ta ɗauki faifanta.

Muryar ta fito, ta saurayi mai gaggawa. Taya ta yi faci, zai makara, kada a jira shi. Sai iska ta shigo, sai ƙarshen nan da na yanke don bai shafi kisa ba.

"Kuma ka biya ka ce ma tsohuwa ta bar ɗaukar itace da kanta, bayanta na ciwo. In na zo ni ɗauko mata."

Goggon ta rufe fuska da zane. Ni bayan uwar nake kallo. Faifan ya tsaya a hannunta, geron da ke ciki ya gangara gefe ɗaya, kaji suka taru a ƙafarta suna tsinta, ba ta kore su ba. Ba ta juyo ba, ba ta yi kuka ba. Rabin hankalina, wanda aikin nan ya lalata, yana ce mini wannan shirun shi ne abin da na yi tafiya huɗu ina nema, in danna ɗauka kawai. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyata na zauna a kansu.

Can ta yi gyaran murya. Da goggon ta yi maganar, ba da ni ba.

"Ki ce mata ta sake. Iska ta ɗauke, ba ki ji da kyau ba."

Na sake. Ta ce goggon ba ta ji ba har yanzu. Na sake, na kuma sakewa, ina kallon goggon kamar ita nake kunna wa, har wayar ta nuna ja ta mutu a kan turmi. Abokin ya yi ta danna ham a waje don kada motar Konni ta wuce mu, ta kuwa wuce.

Washegari na sa saƙon a katin waya, na haɗa da wata 'yar rediyo mai cin kati, na ba abokin ya kai. Na ce ya damƙa wa goggon a gaban uwar, ya ce na goggo ne, kada ya kuskura ya ce wani abu daban. Har yau masu saurare suna tambayata wa ya yi kisan, ban sani ba, kuma wasu har yau kawun suke zargi, wannan kuwa aikina ne. Abokin ya ce mini rediyon ba ta kwana a ɗakin goggo ko sau ɗaya ba.